Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen na'urar raba wuta ga sabar gida

Duk wanda ya taɓa haɗa sabar gida, wato kwamfutar da ake ajiyewa a wani lungu tana riƙe da finafinai, hotunan iyali da takardu, tana miƙa su ga talabijin da wayoyin hannu, ya san yadda lissafin ke tafiya. Ana shafe makonni ana tunanin fayafan ajiya, a yi kwana biyu a kan uwar allo, sai ranar ƙarshe a tuna ashe akwai na'urar raba wuta, wadda aka fi sani da PSU, a ɗauki wadda ta zo hannu. Wannan abu yana damuna, domin ita ce ke ba kowane faifai wuta. Idan faifai ɗaya ya mutu, sauran suna nan. Idan ita ta yi ɓarna, tana iya tafiya da su gaba ɗaya a daƙiƙa guda. Ga tambayoyin da masu wannan aiki suka fi yi.

Wai mene ne ainihin aikinta?

Wutar da ke fitowa daga soket ɗin bango mai kai-da-komo ce, kuma ƙarfinta kan kai volt 230 ko 120, gwargwadon ƙasar da mutum yake. Kayan cikin kwamfuta ba sa iya shan wannan. Suna son wuta mai bin hanya ɗaya, a kan volt 12, volt 5 da volt 3.3. Na'urar raba wuta ce ke yin wannan juyi, ta kuma riƙe kowane layi a inda ya kamata ya tsaya. Tsarin ATX, wato ƙa'idar ƙirar kayan kwamfuta, wanda Intel ya fitar a 1995 kuma har yau ake binsa, ya daɗe yana ba da ratar kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa. Ke nan layin 12V zai zauna tsakanin 11.4 da 12.6.

Abin da ya kamata mai haɗa saba ya riƙe shi ne wa ke shan wane layi. Babban faifai mai inci 3.5 yana shan biyu: 12V ga injin da ke juya farantan cikinsa, 5V ga ɗan allon da ke bayansa. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 da SSD (ma'ajiyar da ba ta da faranti mai juyi) na SATA, wato mai haɗuwa da uwar allo ta waya, 5V kawai suke sha. SSD na NVMe kuwa daga uwar allo yake samun nasa, ba ya buƙatar waya. CPU da katin hoto da fankoki duk a kan 12V suke.

Wat nawa nake buƙata?

Ƙasa da yadda kake zato a yawancin lokaci, amma akwai wasu daƙiƙoƙi kaɗan da suka fi ƙarfin sauran yini duka, kuma su ake yi wa lissafi.

Babban faifai idan yana juyi ba ya aikin komai, yana shan kamar wat 4 zuwa 6. Idan yana karatu ko rubutu, ya kai wajen 6 zuwa 9. Amma lokacin da aka kunna shi daga tsaye, sai injin ya ja farantan daga hutu zuwa juyi 5400 ko 7200 a minti, kuma a nan yakan ja kusan amfiya 2 daga layin 12V, wato wajen wat 24 ko 25. Wasu manya sun ɗara haka. Kowane kamfani yana rubuta wannan adadi a takardar bayanin faifan, kuma yana da kyau ka nemo na naka ka duba.

Mu ɗauki misali. Saba mai fayafai takwas: takwas sau amfiya 2 ya ba da 16, sau volt 12 ya ba da wat 192. Ƙara CPU mai wat 65, ka ware kamar wat 40 ga uwar allo, RAM, SSD da fankoki, sai wat 15 ga katin HBA da ke ƙara yawan mashigar fayafai. Jimilla ta ɗan haura 310. Wannan shi ne mafi munin yanayi, domin an ɗauka komai ya tashi da ƙarfinsa a lokaci guda. Idan ka bar rata saboda fayafai biyu ko uku da za ka ƙara nan gaba, na'ura mai wat 450 zuwa 550 ta wadatar. Sabar da ke da fayafai huɗu a kan ƙaramin CPU irin Intel N100, wanda wat 6 aka rubuta masa, ba za ta kai wat 150 ba ko a lokacin tashi.

Kada ka tsaya a babbar lambar da ke jikin kwali. Juya na'urar ka karanta takardar da aka manna a gefenta, ka ga amfiya nawa aka rubuta ƙarƙashin +12V. A na'urar zamani mai kyau, layin 12V shi kaɗai yana iya ba da kusan dukkan wat ɗin da aka yi alkawari. Idan ka ga an rubuta wat 500 a sama amma 12V bai wuce wat 300 da 'yan kai ba, tsohon ƙiri ne ko kuma an kumbura lambar. Ajiye ta.

Ba yadda za a yi fayafan su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya?

Akwai. Katunan HBA da yawa, musamman na LSI da yanzu ke ƙarƙashin Broadcom, suna iya tayar da fayafai bi da bi, da tazarar 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai abin yana buƙatar katin, faifan da allon da fayafan ke shiga su yarda da juna. A haɗin gida, inda waya ke tafiya kai tsaye daga na'urar raba wuta zuwa faifan SATA, yawanci da wuta ta iso faifai zai fara juyi, ba ya jiran umarnin kowa. Shi ya sa nake ba da shawara a yi lissafi kamar duk za su tashi tare. Idan tsarin bi da bi ya yi aiki, riba ce. Wanda ke da fayafai ashirin ko fiye ne ya kamata ya zauna ya tabbatar da shi.

Ka kuma tuna, idan ka saita fayafan su riƙa barci bayan wani lokaci, duk sa'ad da aka fara binciken lafiyar ajiya ko wani aiki da ya shafe su duka, za su farka tare, a daidai lokacin da CPU ma ke aiki.

To idan na sayi mai wat 1000 don hankalina ya kwanta, akwai laifi?

Ba za ta ƙona komai ba. Kwamfuta iya abin da take buƙata take ja, ba a ɗura mata. Laifin yana wani wuri dabam, kuma shi ne abin da ya raba saba da kwamfutar wasa.

Saba ba ta mutuwa dare da rana, kuma mafi yawan wannan lokaci zaune take tana jira. Sabar misalinmu mai fayafai takwas za ta iya yini a kan wat 60 zuwa 70. A na'ura mai wat 1000, wannan bai wuce kashi 7 cikin 100 na ƙarfinta ba. Na'urorin raba wuta sun fi iya tattali a tsakiyar ƙarfinsu, kuma yawancinsu da an gangaro ƙasa da kashi 10 sai asara ta yi yawa, domin akwai wutar da ita kanta na'urar ke ci don ta rayu, ko ana ja ko ba a ja. A mai wat 450, wannan nauyi ya kusa kashi 15, inda abin ya fi dama.

Ga yadda bambancin ke taruwa. A ce kayanka na buƙatar wat 60. Na'urar da ke isar da kashi 75 cikin 100 a wannan nauyi za ta ja wat 80 daga bango. Wadda ke isar da kashi 88 za ta ja 68. Wat 12 ke nan a tsakani. Shekara tana da awa 8760, don haka kowane wat ɗaya da ba ya mutuwa yana cin kilowat-awa 8.76 a shekara, kuma wat 12 ya haura kilowat-awa 100. Duk wannan wuta zafi take zama a cikin akwatin da fayafanka suke ciki, sannan idan wuta ta ɗauke ita ce ke ƙarar da batirin UPS, wato na'urar da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, da wuri.

Bronze, Gold, Platinum: me waɗannan tambarin ke nufi?

Tambarin 80 Plus ne, shirin da aka fara a 2004. Yana auna kashi nawa na wutar da na'ura ta ja daga bango ke isa ga kwamfuta. A gwajin volt 115, Bronze na nufin kashi 82, 85 da 82 a nauyin kashi 20, 50 da 100. Gold kuma 87, 90 da 87. Platinum 90, 92 da 89. Titanium ya ɗara su, kuma yana da sharaɗin kashi 90 tun a nauyin kashi 10.

Ka lura da inda gwajin Bronze da Gold ya fara: kashi 20. Sabarka kuwa sau da yawa ƙasa da nan take zaune. Saboda haka na'urori biyu masu tambarin Gold suna iya yin nisa da juna a wat 30 ko 40. Rahotannin Cybenetics, wani kamfanin gwajin irin waɗannan na'urori, sun fi amfani a nan, domin suna auna ƙananan nauyi, suna kuma auna ƙarar fanka. Haka ma masu sharhin da ke da kayan gwaji na gaske, waɗanda ke nuna sakamako a wat 20, 40 da 60.

Abu na biyu: tambarin ba shaidar inganci ba ne. Tattalin wuta kaɗai yake aunawa. Bai ce komai ba a kan kafasitocin ciki, wato ƙananan kayan da ke tara wuta suna daidaita ta, ko kariyar da aka saka. A ganina Gold mai ƙaramin wat daga gidan da aka sani ita ce daidai ga yawancin mutane.

Me ya sa ake cewa a duba layin 5V?

Saboda kwamfutar wasa kusan ta manta da shi, saba kuwa tana dogara da shi. Kowane babban faifai kan ja tsakanin rabin amfiya zuwa amfiya ɗaya a 5V, kowane SSD na SATA ma daga nan yake sha, haka mashigun USB. Yawancin na'urorin yau suna ba da amfiya 20 a 5V, tare da iyakar wat 100 zuwa 120 idan an haɗa shi da 3.3V. Ga fayafai takwas ko goma wannan ya isa. Idan ka doshi goma sha shida ko ashirin, ko kana shirin jera SSD masu yawa, lissafa shi kamar yadda ka lissafa 12V.

Nemi na'urar da aka ce tsarinta DC-DC ne. A irin wannan, ana fara samar da 12V, sannan wasu ƙananan alluna su sauko da shi zuwa 5V da 3.3V, kowanne da mai kula da shi. A tsohon tsari ana kula da 12V da 5V a dunƙule, sai ya zamana idan aka ja ɗaya da yawa, ɗayan ya karkace.

Kawunan SATA da suka zo da ita ba su isa ba. Zan iya sa adafta?

Nan ne aka fi samun gobara, don haka bari in tsaya a kai.

Kan wutar SATA yana da fil 15. Uku na 12V ne, uku na 5V, uku na 3.3V, kuma kowane fil amfiya 1.5 aka tsara masa. Ke nan duk abin da zai bi ta kai ɗaya a 12V bai kamata ya wuce amfiya 4.5 ba. Fayafai biyu masu tashi sun riga sun kai amfiya 4. Yanzu ka kalli adaftar nan mai raba kan SATA ɗaya zuwa huɗu ko biyar: amfiya 8 zuwa 10 za su bi ta inda aka tsara wa 4.5. Wata rana za ta yi aiki, wata rana faifai ɗaya ya ɓace daga jerin ba dalili, kuma a hankali filolin suna zafi.

Tsohon kan nan mai fil huɗu da ake kira Molex ya fi ɗaukar nauyi nesa ba kusa ba, don haka idan dole sai an raba, gara a raba daga gare shi. Amma adaftar Molex zuwa SATA ma iri biyu ce. Akwai wadda aka narka roba aka zuba a kan wayoyin, kanta dunƙulalle ne ba ya buɗewa. A irin wannan, wayoyin na iya matsowa kusa da juna tun a masana'anta ba mai gani, daga baya su haɗe, roba ta kama. An sha ganin hakan. Ɗaya irin kuma kowace waya an matse ta da nata ƙarfen an cusa a raminta, kana iya ganin rabuwarsu da ido. Ita ce za ka nema.

Ko babu adafta, kada ka ɗora komai a kan igiya ɗaya. Igiyar da ke da kawuna huɗu wayar 12V ɗaya ce tal a cikinta, yawanci mai kaurin 18 AWG, kuma fayafai huɗu sun kai ta amfiya 8 a lokacin tashi. Huɗu a kowace igiya ya isa. Saboda haka tun kafin saye, ƙirga kawunan SATA, sannan ka ƙirga igiyoyi nawa aka raba su, da ramuka nawa ke jikin na'urar na irin waɗannan igiyoyi. Sau da yawa wannan, ba wat ba, shi ke tilasta wa mutum ɗaukar mai 650 maimakon mai 450, kuma dalili ne mai kyau.

Ina da wayoyin tsohuwar na'urata, kuma suna shiga ramin sabuwar daidai. In yi amfani da su?

A'a. Kama da wane ba wane ba ne.

A na'urorin da wayoyinsu ke cirewa, ƙarshen da ke shiga faifai ɗaya ne ko'ina a duniya. Ƙarshen da ke shiga jikin na'urar kuwa babu wata ƙa'ida a kansa. Kowane kamfani yana jera filolinsa yadda ya ga dama, har ma a kamfani ɗaya wani samfuri kan bambanta da wani. Filogin zai shiga lafiya lau, ka kunna, 12V ya bi ta hanyar 5V, kuma duk fayafan da ke kan igiyar su ƙone kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli. Babu RAID ko ZFS, wato tsarin da ke kare ajiya idan faifai ya mutu, da zai cece ka idan huɗu suka tafi tare.

Idan ka canja na'ura, cire dukkan tsoffin wayoyi, ko da zai ɗauke ka awa guda kana kwance ɗaurin da ka yi. Idan kana buƙatar ƙarin igiya, nemo wadda aka rubuta sunan ainihin samfurinka a kanta, sannan ka auna ta da mitan auna volt kafin ta taɓa faifai: rawayar waya 12V, ja 5V, ruwan lemo 3.3V, baƙa kuma ƙasa. Yawancin wayoyin yau baƙaƙe ne duka, don haka mita ce kaɗai za ta gaya maka gaskiya.

Sabon faifai ya ƙi tashi sam, alhali yana aiki a akwatinsa na USB. Ya lalace ne?

Da wuya. Wannan yakan faru da manyan fayafan da aka ciro daga akwatin USB, da wasu na ma'aikatu. A bugu na 3.3 na ƙa'idar SATA, wanda ya fito a 2016, an sauya aikin fil na uku: idan faifai ya ga wuta a kansa, sai ya ɗauka an ce masa ya kashe kansa. Na'urorin raba wuta da yawa kuwa har yanzu suna aika 3.3V ta wannan fil kamar da. Sakamakon shi ne faifan yana jin umarnin kashewa ba ƙaƙƙautawa.

Maganin yana da sauƙi. Ko dai a rufe fil na uku a jikin faifan da siririn tef mai jure zafi irin Kapton, ko a ba shi wuta ta adaftar Molex mai kyau, tunda Molex ba shi da 3.3V ko kaɗan. Manyan fayafai ba sa amfani da 3.3V, don haka ba abin da aka rasa.

Zan riƙa sauya fasalin bidiyo a Plex ko Jellyfin, manhajojin da ke miƙa finafinai ga talabijin da waya. Sai na ƙara wat saboda katin hoto?

Idan CPU ɗinka na Intel ne mai sashen hoto a ciki, yana da Quick Sync, wato ɓangaren da ke sauya fasalin bidiyo, wanda ya fara zuwa a 2011, kuma na 'yan shekarun nan suna yin wannan aiki da wuta kaɗan ƙwarai. Mutane da yawa ba sa buƙatar kati. Idan ka sa ƙaramin kati da ba shi da ramin wuta a jikinsa, iyakarsa wat 75 ne, domin abin da ramin PCIe, inda ake cusa katin a uwar allo, ke bayarwa ke nan. Kai mai fil shida yana ƙara 75, mai fil takwas 150. Ka haɗa da lissafinka. Sabbin na'urori masu tambarin ATX 3.0 na 2022 da wayar manyan katunan hoto ba su da laifi, amma ba don saba irin wannan aka yi su ba.

ATX, SFX, Flex: wanne?

Akwatinka ne zai faɗa. ATX ita ce babba, faɗinta milimita 150, tsayinta 86, zurfinta daga 140 zuwa sama. SFX 125 ne da 63.5 da 100, kuma ita ƙananan akwatunan ajiya suka fi ɗauka, sai dai wayoyinta gajeru ne, kawunan SATA ɗinta kaɗan. Flex ATX siririya ce mai fankar milimita 40, wadda idan ta ɗau zafi takan yi ƙara mai shiga kunne. A akwatin da ke cike da fayafai, auna zurfin wurin kafin saye, ka bar wa wayoyi inda za su lanƙwasa.

Akwai kuma ɗan allon nan irin picoPSU da ke shiga kai tsaye a uwar allo, yana shan 12V daga caja ta waje. Ya ƙware wajen tattali a ƙaramin nauyi, kuma ya dace da saba mai SSD ko fayafai biyu. Ga jerin manyan fayafai ba zan ba da shawararsa ba.

Wadda fankarta ke tsayawa idan ba nauyi, tana da kyau ga saba?

Tana da daɗi idan sabar a ɗakin kwana ko falo take, kuma a wat 60 fankar kan yini ba ta motsa ba. Sharaɗin shi ne na'urar ta samu iska ta kanta daga waje. A wasu ƙananan akwatuna ita ce ke zuƙo iskar da ta bi ta kan fayafai, kuma idan fankarta ta tsaya, zafi ya taru a kansu da kanta. Kafasita ba ta son zafi: a ƙa'idar da masu ƙira ke bi, ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. Idan na'urar tana da maɓallin sa fanka ta riƙa juyi a hankali kullum, a wuri mai zafi ni nakan zaɓi hakan. Fanka mai FDB, wato wadda sandarta ke juyi a kan mai, ta fi ta talaka jure juyin shekaru.

Ta yaya zan gane mai inganci, tunda ba zan iya leƙa cikinta ba?

Sunan da ke jikin kwali ba koyaushe shi ne wanda ya ƙera ba. Seasonic, FSP da Super Flower suna ƙera nasu, suna kuma ƙera wa wasu. Channel Well da Great Wall suna bayan samfura da yawa da ake sayarwa da wasu sunaye. Kamfani ɗaya yana iya samun samfuri nagari da wanda bai kai ba, don haka samfurin ake bincike, ba sunan gidan kaɗai ba.

Duba jerin kariyar da aka rubuta. OVP da UVP suna kashe ta idan volt ya yi sama ko ƙasa fiye da kima. OCP da OPP suna kashe ta idan an ja fiye da ƙarfinta. SCP na lokacin da wayoyi suka haɗe ne, OTP kuma na zafi. Ga na'urar da za ta kwana a kunne ba kowa kusa, ina son ganin dukkansu. Duba ko kafasitocinta masu jure digiri 105 ne, ko an ambaci gidajen Japan irin Nippon Chemi-Con, Rubycon ko Nichicon. A rahoton gwaji, nemi 'yar rawar da wuta ke yi a kan layi: ƙa'ida ta ba da iyakar milivolt 120 a 12V da 50 a 5V, kuma nagartattu suna ƙasa da haka sosai. Sai garanti. Kamfanin da ya ba da shekara bakwai ko goma ya san abin da ya saka a ciki.

Ina da tsohuwa a ajiye, tana aiki. Ba zan iya sa ta ba?

Shekararta nawa, kuma wace iri ce tun farko? Mai kyau da ta yi shekara uku ko huɗu ba matsala. Wadda ta doshi goma, ko wadda ta zo kyauta da akwati ba a san asalinta ba, kada ka ɗora mata ajiyarka. Kafasitoci suna bushewa a hankali ba tare da wata alama ba. Akwai kuma wani abu: tun daga CPU na Haswell a 2013, Intel ya kawo barci mai zurfi da ke sauke jan wuta zuwa kusan babu, kuma wasu tsoffin na'urori kan rikice su mutu idan nauyi ya yi ƙasa haka. Saba kuwa wannan barcin shi ne abin da ake so ta riƙa yi.

Ina buƙatar UPS? Kuma akwai ruwan na'urar raba wuta da irin wanda zan saya?

Kana buƙata. Na'urar raba wuta tana iya riƙe kwamfuta na kamar milisakan 16 bayan wuta ta ɗauke, iya abin da zai ba UPS damar karɓa. Bayan nan komai ya tsaya, ko da ana tsakiyar rubutu.

Kuma akwai ruwanta. Kusan duk na'urorin kirki na yau suna da Active PFC, wato sashen da ke daidaita yadda suke jan wuta daga bango, kuma yawancinsu suna karɓar volt 100 zuwa 240 ba tare da maɓallin sauyi ba. Wasu daga cikinsu ba sa jituwa da UPS mai ba da wuta mai hawa-hawa kamar matakala: sai su yi ƙugi, ko su mutu a daidai lokacin da aka koma batir. Nemi UPS mai ba da igiyar wuta mai santsi, wanda ake rubuta wa pure sine wave a kwali. Haka zancen yake idan inbata ce ke riƙe da gidan. Girman UPS kuma daga abin da sabar ke sha ake lissafa shi, ba daga lambar da ke jikin na'urar raba wuta ba.

Kada ka manta da wayar USB tsakanin UPS da saba. Manhajojin da ke tafiyar da saba irin TrueNAS, Unraid da OpenMediaVault duk suna iya sauraron UPS ta manhajar NUT ko apcupsd, su rufe kansu cikin tsari kafin batir ya ƙare. Bayan ka saita, gwada shi da rana tsaka kana tsaye a wurin.

Na'urori biyu a akwati ɗaya, irin na manyan ma'aikatu fa?

Suna da amfani inda tsayawar minti biyar asara ce. A gida, ƙananan fankokinsu suna da ƙara, kuma biyu a kunne sun fi ɗaya cin wuta a zaune. Guda ɗaya mai kyau, UPS, da kwafin muhimman abubuwa a wani wuri dabam sun fi dacewa.

Waɗanne alamu ke nuna matsalar daga wuta take?

Faifai yana ɓacewa ya dawo, musamman lokacin da dukkansu ke aiki tare. Ana jin faifai ya fara juyi, ya tsaya, ya sake farawa. Sabar tana tashi lafiya da fayafai huɗu, amma da shida sai ta mutu nan take. Kurakurai suna fitowa a fayafai da yawa a lokaci ɗaya, kuma da ka bi waya sai ka tarar duk igiya ɗaya suke sha. Kafin ka yanke wa faifai hukunci, mayar da shi wata igiyar ka ga ko matsalar ta bi shi ko ta tsaya a inda take. Idan ka ji warin roba ko ka ga kan waya ya sauya launi, kashe daga bango nan take.

Gani ya kori ji: ɗan mitan nan da ake sakawa tsakanin soket da filogi zai nuna maka abin da sabar ke sha a zaune, da inda take kaiwa lokacin tashi. Don gwada na'urar ita kaɗai, ana haɗa koriyar waya ta babban filogi mai fil 24 da baƙa, sai ta kunna a auna layukan, amma wannan yana nuna tana tashi ne kawai, ba ya nuna yadda take yi a ƙarƙashin nauyi. Murfinta kuwa kada ka buɗe. Babbar kafasitar da ke ciki tana aiki a kusan volt 400, kuma tana iya riƙe wuta bayan an zare filogi. Idan tana cikin garanti mayar da ita, idan ya ƙare canja ta tare da dukkan wayoyinta.